Ranar da injin ya sha man gyaɗa

Jama'a, kun san injin niƙa na garinku. Gazuwal yake sha, yana fidda baƙin hayaƙi. To, irinsa ne, amma mai girman soro, yake tura manyan jiragen ruwa masu ɗauko shinkafa da taki zuwa bakin teku.

Wani Bajamushe ne ya ƙago shi, sunansa Rudolf Diesel. A shekarar 1900 an yi babban baje koli a birnin Faris. Can aka tada wani ƙaramin injin irin nasa da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta ce a gwada. Dabararta ita ce, gyaɗa na yi a ƙasashen Afirka da ta mallaka, ke nan ba sai an kawo mai daga nesa ba. Injin ya yi aiki lafiya lau, har ƴan kallo da yawa ba su lura ba.

Amma man ƙasa ya fi araha, sai aka bar maganar. A 1912 jirgin Selandia na Danmak ya shiga teku da injin Diesel. Daga baya jirage suka koma shan wani mai baƙi, mai kauri kamar kwalta, cike da farar wuta. Hayaƙinsa yana cin huhun mutanen bakin teku, yana ƙara wa duniya zafi. A 2020 dokar duniya ta rage farar wutar daga kashi 3 da rabi cikin 100 zuwa rabin kashi.

Nan aka tuna da man shuka. Shi kusan ba ya da farar wuta. Iskar da yake fiddawa kuwa, shukar ta riga ta shaƙe ta tun tana gona. Sai dai ɗanyensa yana toshe injin, dole a sarrafa shi, a gauraya. A 2019 jirgin kamfanin Maersk ya tashi daga Rotterdam ya je Shanghai ya komo, har zuwa kashi 20 cikin 100 na mansa daga tsohon man suya aka sarrafa shi.

Ku lura da kyau, tsohon mai ne, wanda aka gama suya da shi. Ni wannan ya fi kwanta mini. In jirage suka far wa man miya, mai tuyar ƙosai ce za ta fara ji a kasuwa.