Ƙuri'a a Bakin Kunya

Ranar da malaminmu a Samaru ya fara koya mana tsara gwaji, hularsa ya cire, ya zuba 'yan takardu a ciki, ya ce kowa ya zaro ɗaya. Wai haka ake raba iri a filin gwaji. Mu 'ya'yan manoman Bakori da Malumfashi sai dariya ta kama mu: gona da ƙuri'a, sai ka ce rabon naman watanda?

Dabarar daga tashar gwajin noma ta Rothamsted a Ingila ta fito, inda Ronald Fisher ya kama aiki a 1919, ya tarar da tulin bayanan gwajin taki na shekara da shekaru. Daga aikinsa muka gaji ƙa'idoji uku: a maimaita gwaji, a raba shi da ƙuri'a, a haɗa ƙasa mai kama da juna rukuni guda. Tashar Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ƙofar da ilimin ya biyo zuwa wajenmu. A lokacin, can ake tace irin auduga, a yawaita shi a gonar Daudawa, sannan ya isa hannun manomi.

Lissafin bai bar tasha sosai ba sai a 1975, da Bankin Duniya ya tallafa aka buɗe Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, tare da na Gusau da na Gombe. Takin zamani ya yawaita, masara ta tashi daga bayan gida ta koma gona. Masu ba da bashi kuma suna son alƙaluma, don haka aka baza ma'aikata ƙauyuka da igiyar awo da sikeli, su keɓe ɗan fegi a gonar mutum, su girbe, su auna.

Nan littafi ya ci karo da gona. A tasha amfani ɗaya ake shukawa a fegi. Manominmu kuwa dawa, gero da wake duk a gona guda. Tun a shekarun 1960 wani mai bincike, David Norman, ya bi ƙauyukan Zariya, ya nuna da alƙaluma cewa wannan gauraye ba jahilci ba ne, dabarar tsira ce idan damina ta yi gardama.

Ni ma sai da na sha tawa. Na kai wa wani dattijo sabon irin masara, na bar masa zaɓin inda zai shuka. Da kaka sabon iri ya ba na gida rata mai yawa, har na fara rubuta rahoto ina murna. Da na koma, na tambaye shi gefen da ya sa shi. Ya ce, “Yaro, ai baƙo ba a sauke shi a kango. Inda shanun Fulani suka kwana da rani na kai shi.” Ashe kashin shanu na auna, ba iri ba. Ran nan na gane amfanin hular malam: ƙuri'a ba ta san baƙo ba, ba ta kuma jin kunyar malamin gona.

Yau ɗalibai a Samaru da Dutsin-Ma kwamfuta ke yi musu cikin ƙiftawar ido lissafin da ke cinye mana dare. Amma duk wanda ya kawo mini sakamako mai kyan gani, kafin in duba teburinsa nakan tambaye shi: wa ya zaɓi kunyar?