Zango (sunan wurare da mutane)

Zango, ko Zongo a bakin mutanen gaɓar teku, suna ne da garuruwa da unguwanni da dama suke amsawa a Afirka ta Yamma. Akwai Zangon Daura a jihar Katsina, Zangon Kataf a Kaduna, Sabon Zango a Akara, da zangunan Kumasi da Kwatano. A Lome ta ƙasar Togo akwai na Agoe, inda hukuma ta mayar da mazauna tsohon zangon tsakiyar birni a 1977. Yawancinsu sawun fatake ne, domin inda ayarin goro da shanu ya saba yada zango, nan masallaci da kasuwa suka kafu, Hausa ta zama harshen ciniki.

Wani zai ce ai akwai Norbert Zongo, ɗan jaridar Burkina Faso da aka kashe a 1998, alhali ba Bahaushe ba ne. Gaskiya ne, nasa sunan dangi ne na Mosawa. Saboda haka kamannin suna kaɗai bai isa hujja ba, sai tarihin wurin ya nuna fatake ne suka kafa shi.