Rundunar Sojin Sama: daga filin sukuwar Kano zuwa sararin Zamfara

Ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojin saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, suka ratso Sudan, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Samfurin DH.9A ne: fukafukai hawa biyu, jiki na katako da aka lulluɓe da ƙyalle, farfela a hanci, matuƙi kuwa zaune a buɗe iska na dukan fuskarsa. Daga wannan tafiya ake fara lissafin tarihin jirgin sama a Najeriya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Kano ta zama zango. A sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su wuce Khartum da Alƙahira. Dubbai ne suka bi wannan hanya, amma ko ɗaya babu namu.

Rashin ya fito fili bayan samun 'yancin kai. A 1960 aka tura sojojinmu Kwango aikin wanzar da zaman lafiya, kuma jiragen wasu ƙasashe ne suka riƙa kai su suna dawo da su. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, lokacin Muhammadu Ribaɗu na Ministan Tsaro, ta ga abin ba zai ɗore a haka ba. A 1962 aka fara tura samari Habasha koyon tuƙi, wasu suka bi baya zuwa Kanada da Indiya. Aka nemi Jamus ta Yamma ta kafa tubalin rundunar sojin sama, ta aiko da tawaga ƙarƙashin Kanar Gerhard Kahtz, wanda shi ne shugaban rundunar na farko. A watan Afrilun 1964 doka ta tabbatar da kafuwarta, Kaduna ta zama gidan horo. Jiragen farko, irin su Piaggio 149 da Dornier 27, na koyo ne da ɗaukar saƙo. Babu na faɗa a cikinsu.

Rundunar ba ta ko shekara huɗu ba yaƙin basasa ya same ta. Jamusawa sun tattara nasu-ya-nasu tun 1966, George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta, Shittu Alao ya gaje shi a 1967. Ingila da Amurka suka ƙi sayar da jiragen yaƙi, sai shugaban ƙasa Gowon ya juya gabas. A watan Agustan 1967 manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka fara sauke MiG-17 a filin jirgin Kano, L-29 suka zo daga Cekoslobakiya, daga baya aka samu Il-28 masu jefa bam. Matuƙan gida ba su kai ba, dole aka ɗauko 'yan Masar da wasu baƙi. Wannan gaggawa ta ci rayukan farar hula a kasuwanni da garuruwan Gabashin Najeriya, abin da bai kamata mai ba da tarihin rundunar ya tsallake ba. Shi kansa Kanar Alao a cikin L-29 ya rasu, a watan Oktoban 1969, kusa da Uzebba.

Kuɗin mai ya kawo shekarun yalwa. A 1975, shekarar da John Yisa-Doko ya karɓi ragama, aka samu MiG-21 da C-130. A shekarun 1980 Alpha Jet 24 suka iso, a 1984 Jaguar 18 daga Ingila, sannan L-39 guda 24 da aka bai wa makarantar horar da matuƙa ta Kano. Sai dai sayen doki daban, ciyar da shi daban. Jaguar ba su yi ko shekara goma suna tashi ba aka jingine su saboda rashin kuɗin gyara. Ranar 26 ga Satumban 1992 C-130 ya faɗi a Ejigbo ta Legas da mutum fiye da 150, akasarinsu hafsoshi matasa. Wannan zamani na tsatsa ya ja har sai da yaƙin Boko Haram ya tilasta aka waiwayi rundunar. Zamanin Sadique Abubakar, ɗan Azare, wanda ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2021, aka tayar da jirage da dama da suka kwanta, aka kawo Super Mushshak daga Pakistan don koyo a Kaduna, aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi ƙirar gida, a 2018. JF-17 uku da Super Tucano 12 suka shigo a 2021.

Kusan duk wani tsalle da rundunar ta yi, yaƙi ne ya tura ta. Shi ya sa ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, wato wasan jirage a gaban jama'a, ya taso a rame. A shekarar da aka kafa tamu, 1964, Ingila ta kafa ƙungiyar wasanta ta Red Arrows. Faransa na da Patrouille de France tun 1953, kuma tun 1981 da Alpha Jet take wasa, irin namu sak. Mu kuwa sai ranar 1 ga Oktoba, ko rantsar da shugaba, ko bikin zagayowar ranar rundunar, jirage su gifta ta saman Dandalin Eagle na Abuja, ko a yi baje koli irin wanda aka yi a Kaduna a 2010 da 2012.

Wanda ya ɗauka wasan nan ado ne kawai bai san cikinsa ba. Idan jirage suka jeru, jagora kaɗai ke kallon gaba da ƙasa. Na gefe idonsa na kan wata alama a jikin jirgin jagora, bakin fiffike ko wani layin fenti, yana gyara maƙura da sanda a kowace daƙiƙa don kada tazarar 'yan mitocin da ke tsakaninsu ta canza. Jagora ya faɗi umarni a rediyo da murya ɗaya, kari ɗaya, kullum, domin kowa ya ja tare. Lokacin alkafura jini na gangarowa daga kai zuwa ƙafa, matuƙi ya ɗaure ciki da cinyoyi kada ganinsa ya dushe. Hayaƙin nan ma ba na gobara ba ne, mai ake fesawa cikin zafin da ke fita daga injin, a sa rini in ana son launi. Horo ne na yarda da juna, kuma yana da tsada. Ranar 28 ga Satumban 2018 jiragen F-7 biyu suka gogi juna a saman Katampe, Abuja, suna atisayen bikin 'yancin kai, Allah ya yi wa Bello Baba-Ari rasuwa.

A yammacin Zamfara ba ta wannan fuska aka san rundunar ba. Yaron Tungar Guru, ko na ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, da kunne ya san jirgin yaƙi: rugugi ya tsaga sama ya nufi daji, manya su yi cirko-cirko suna tambayar ina aka nufa yau. Rundunar ta kafa sansanin kai ɗaukin gaggawa a Gusau, a 2018 ta buɗe farmakin Diran Mikiya kan 'yan bindiga. Ranar 18 ga Yulin 2021 suka harbo Alpha Jet, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da lema, ya bi duhun dare a ƙafa har ya kai ga sojojin ƙasa. Akwai ƙauyukan da zuwan jirgi ya cece su. Akwai kuma Tungar Kara, inda a Janairun 2025 bam ya faɗa kan 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito korar ɓarayi. Mutanen da suka ga duka biyun sun cancanci su ga jirgin nan a ƙasa, su taɓa shi, su yi magana da mai tuƙa shi.

A yau mai son ganin MiG-17 da Il-28 a gidan tarihi sai ya yi tattaki zuwa Umuahia, inda aka kafa gidan adana kayan yaƙi a 1985, alhali Kano ce ta fara karɓar MiG ɗin. Alpha Jet ya haura shekara arba'in yana aiki, an kuma yi odar M-346 daga Italiya da za su gaje shi. Ranar da aka sauke shi, ina roƙon kada a bar shi bayan rumfa rana da damina su cinye. A ware ɗaya a kai Gusau, a kafa masa inuwa, a sa tsani, a rubuta tarihinsa da Hausa a jikin allo, a bar 'yan makaranta daga Gummi da Anka su hau su leƙa kujerar matuƙi.