Haƙƙin ɗan Adam: a takarda da a aikace

Ranar 10 ga Disamba 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙoƙin ɗan Adam. Tana da ayoyi 30. Aya ta 4 ta haramta bauta.

A Nijar ma, dokar 2003 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga duk wanda ya bautar da mutum. Sai dai rubuta doka daban, aiki da ita daban.

Dubi abin da ya sami Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240, ta zama wahaya a yankin Birnin Ƙonni. Ubangidanta ya ba ta takardar ƴanci a 2005, amma ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, abin mamaki, ita aka yanke wa ɗaurin wata 6, wai ta yi aure kan aure.

Ƙungiyar Timidria ta taimaka mata ta kai ƙara kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008, a Yamai, kotun ta ce gwamnati ta kasa kāre ta, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa.