Juji da Mai Shi: Tarihin Kawar da Manyan Tarkacen Gida a Ƙasar Jega



Gabatarwa

Batun da za mu tattauna a kansa yau batu ne da masana tarihi ba su cika waiwayarsa ba, watakila don suna ganin ya yi ƙanƙanta a jera shi da labarin yaƙe-yaƙe da sarautu. Batun kuwa shi ne yadda mazauna gari ke rabuwa da manyan tarkacen gida ba tare da sun biya ko kwabo ba. Abin da nake nufi da manyan tarkace shi ne duk abin da ya fi ƙarfin tsintsiya da kwando, watau irin su karyayyen gado, da tsohuwar katifa, da mataccen firiji, da ruɓaɓɓiyar azara, da kwanon rufin da ya yi tsatsa, da ɓaraguzan katangar da damina ta kayar. Zan ɗauko misalaina daga garin Jega da unguwanninsa, irin su Firchin da Kokani da Magaji, sa'an nan da maƙwabtansa Aliero da Maiyama.

Maganar da nake so in kafa guda ɗaya ce. A wannan ƙasa tamu, duk lokacin da aka kwashe wa mutum tarkace kyauta, to, an kwashe ne domin akwai wanda tarkacen zai yi wa amfani. Muddin abu na da mai so, fitar da shi daga gida ba ya cin kuɗi. Ranar da abu ya rasa mai so, ran nan ya zama matsalar gari.

Zamanin da juji ke da daraja

Buhari ɗan Malam Abdussalami, mutumin Gimbana, shi ya kafa Jega wajen shekarar 1820, a ƙarƙashin daular Gwandu, kusa da Gulbin Zamfara. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Usmaniyya. A nan fataken goro masu bin hanyar Gwanja ke yada zango, a nan ake sauke gishirin Foga da tufafin Nufe. Garin da ke karɓar ayari bayan ayari dole ya tara shara mai yawa, tun daga kashin jakai da takarkarai har zuwa tsofaffin tabarmi da igiyoyi da fasassun tukwane. To, ina wannan shara take zuwa?

Amsar tana cikin irin kayan da ake aiki da su a wancan zamani. Gidan Bahaushe na da, da ƙasa da itace da kara da ciyawa aka yi shi, kayan cikinsa kuma ƙwarya ce da yumɓu da kaba da fata da ɗan ƙarfe kaɗan. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da inda yake komawa. In katanga ta faɗi, magini ya jiƙa ƙasar ya sake kwaɓa ta ya yi tubali. Azarar da ta ruɓe, da tsohuwar zana, da darnin bara, duk murhu ke cinye su. Ƙwarya in ta tsage sai a kai wa gyartai ya ɗinke, in ta fashe sarai ta zama sakaina. Tukunya in ta fashe, babban ɓangarenta ya zama kaskon kaji, tsingaronta kuwa mata su daɓe ƙasa da shi. Ƙarfe ko kaɗan ba a yar da shi, gama maƙeri na jiran tsohuwar garma ya mai da ita lauje ko wuƙa. A garuruwan da ke da karofi, har katsin da ke kwanciya a gindin rijiyar rini ana ƙona shi a yi laso, a shafe katanga don kada ruwa ya ci ta.

Abin da ya saura bayan wannan duka shi ke zuwa juji, juji kuwa ba kayan banza ba ne. Da rani ya yi, manomi zai zo da jakinsa da mangala ya kwashe toka da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen keso ya kai gona. Wani lokaci gonar mai gida ce, wani lokaci maƙwabci ne ya roƙa, a wasu wuraren har saye ake yi. Hausawa na cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, wannan karin magana kuwa shaida ce cewa toka haja ce a wurin kakanninmu. Binciken da Michael Mortimore ya yi a karkarar Kano a shekarun 1960 ya nuna yadda jakai ke shigo da itace birni su koma ƙauye da taki. Wannan zagaye shi ne ya raya gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu a kewayen manyan garuruwan ƙasar Hausa.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. A birnin Landan, a farkon ƙarni na 19, 'yan kwangila ke kwashe tokar gidaje su sayar wa masu yin jan bulo, masu sayen tsumma da ƙashi kuma suna bin lunguna. Da darajar toka ta faɗi, sai nauyin ya koma wuyan hukuma, kamar yadda dokar lafiyar jama'a ta Ingila ta 1875 ta tanada.

Zamanin En'e da duba-gari

Bayan da Turawa suka ci daular a 1903, sai suka zo da wata fahimta dabam. Su a wurinsu juji matattarar ƙuda da ɓera ce, kududdufi kuma gidan sauro. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ta ba jami'ai ikon shiga gidaje su duba, a 1932 kuma aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano, inda aka riƙa horar da ma'aikatan da jama'a suka laƙaba wa suna duba-gari. Jega da Aliero da Maiyama duk suna ƙarƙashin En'en Gwandu, wadda hedkwatarta ke Birnin Kebbi. Umarni kan fito daga can ya bi ta kan hakimi da dagaci har ya iso ga mai unguwa.

Dattawa da yawa na tuna wannan zamani da sha'awa, suna cewa gari ya fi tsafta. Akwai gaskiya a maganarsu, amma ya kamata mu lura da abubuwa biyu. Na farko, tsarin ya dogara ne kan tsoro: duba-gari ya leƙa randa, ya duba bayan gida, wanda aka samu da laifi a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Sharar kasuwa da manyan hanyoyi kuwa, sau da yawa fursunonin En'e da leburorinta ke yin ta. Na biyu, En'e ba ta ɗauki nauyin kwashe tarkacen gidan kowa ba, kuma ba ta bukaci yin haka ba, domin manomi da maƙeri da magini suna nan suna aikinsu na da. Abin da duba-gari ya ƙara shi ne tsari da ƙa'idar inda za a zuba. Ainihin masu kwashewa ba su sake ba.

Daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshenta baki ɗaya. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 da ake aiki da shi yanzu, duk sun sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Watau an ɗora wa sabuwar hukuma aikin, alhali an riga an raba ta da sandar da En'e ke tsorata mutane da ita.

Kayan da ƙasa ba ta ci

A daidai wannan lokaci ne kayan gida suka sake kama. Kwanon rufi da siminti suka maye gurbin azara da ƙasa. Kamfanin Vitafoam, wanda aka kafa a 1962, da ire-irensa suka baza katifar soso, ta kori katifar rimi da ta ciyawa. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, lokacin da arzikin mai ke tashe, ya cika gidaje da rediyo da fanka da firiji da babura. Kayan ɗakin amarya ya tashi daga jeren ƙore zuwa gadon ƙarfe da kabad cike da langa, daga baya kuma ya koma kujerun kushin da gadon katakon da ba ya jure ruwa. Daga shekarun 1990 leda da ruwan leda suka mamaye ko'ina.

Wannan sauyi ya raba shara gida biyu: wadda ke da mai so, da wadda ba ta da shi. Har jujin ma ya gurɓace, domin manomin albasa a Aliero ko manomin dawa a Maiyama da ya kwaso takin gari, sai ya tsince leda da kwalba da batir kafin ya watsa, dabbar da ta haɗiye leda kuwa takan rame ta mutu.

Gwamnati ta gwada maganin abin da ƙarfin soja. A watan Yuli na 1985, a Kano, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da kashi na biyar na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda ya shafi tsaftar muhalli, daga nan kuma al'adar sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta bazu. Wannan hanya ce da hukuma ta buɗe wa talaka ya fitar da babban tarkace bakin hanya kyauta. Rauninta shi ne ta dogara ga zuwan mota. In motar ba ta zo ba, abin da aka fitar da safe ruwan sama ya mai da shi kwata da dare. Bayan badaƙalar gubar da aka jibge a 1988 a Koko, ta tsohuwar Jihar Bendel ba Kokon da ke kudu da Maiyama ba, an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA. Sai dai waɗannan hukumomi sun fi mai da hankali kan masana'antu da dokoki, ba su ne za su ɗauke wa matar aure a Firchin tsohuwar katifarta ba.

Magadan maƙeri da gyartai

Waɗanda suka cike giɓin su ne 'yan gwangwan, waɗanda wasu ke kira 'yan jari-bola. Yaro ya turo kura ko baro yana bin unguwa, ya karɓi ƙarfe da alminiyam da tagulla da robar da ta fashe, ya biya kuɗi ko ya yi musaya da sabon bokiti. Shi kuma ya kai wa mai sikeli, a tara a loda a babbar mota zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Kano ko Legas ko Ogun. Wani kason ba ya barin gari: alminiyam ya zama tukunya da ludayi, tsohuwar taya ta zama takalmi da igiya, durom ya zama murhu ko ƙofa. Kasuwar Panteka ta Kaduna ita ce babbar shaidar inda wannan sana'a za ta iya kai mutum. A gefe guda kuma dillaliya na nan tana shiga gida-gida, tana fitar da gado da kwanukan da uwar gida ta gaji da su, ta kai wa wadda ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ba da tsohon kaya ga dangi na ƙauye, ko ga maƙwabci mabukaci, shi ma hanya ce da ba ta mutu ba. Ɓaraguzan gini kuwa, mai cikon fili ko mai gyaran hanyar unguwa zai kwashe da godiya.

Ashe ke nan tsohuwar ƙa'ida na nan daram. Amma sana'ar na da nata lahani, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Tsadar ƙarfe ta sa ɓata-gari na cire wayoyin lantarki da marufan kwata, har ta kai Jihar Borno ta hana sana'ar a 2023, saboda wannan da kuma dalilan tsaro. Ƙona waya don a ciro tagulla na fitar da hayaƙi mai guba. Fasa batirin mota a cikin gida na watsa dalma inda yara ke wasa, mu kuwa da muke shan iska ɗaya da Zamfara mun san abin da dalma ta yi a can a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Kammalawa

In muka tattara abin da ya gabata, za mu ga cewa mazaunin Jega na da hanyoyi huɗu na rabuwa da babban tarkace ba tare da biya ba: ya sayar wa ɗan gwangwan, ya ba dillaliya, ya kyautar ga mabukaci, ko ya bar wa manomi da mai ciko. Abin da ya gagari huɗun nan shi ne ainihin matsalarmu, watau ruɓaɓɓen soso, da gilashin talabijin, da gangar jikin firiji bayan an cire ƙarfensa, da kujerar kushin da ta mutu. Su ne ake jefawa a kududdufi da kwata da bakin gulbi cikin dare. Kududdufi kuwa shi ne ma'ajin ruwan sama na unguwa. In aka cike shi da tarkace aka yi gini a kansa, ruwa zai nemi wani masauki, masaukin kuma ɗakunan mutane ne. Ambaliyar da ta auka wa Jihar Kebbi a 2020 daga cikar gulabe ta taso, amma ta isa ta tuna mana cewa garin da ke bakin gulbi ba ya wasa da hanyar ruwa.

Saboda haka shawarata ga ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama ita ce kada su ɓata ɗan abin da ke hannunsu wajen kokawa da masu kwashe abin da ke da kasuwa. Su yi musu rajista ta hannun shugabannin sana'arsu, su ba su fili a bayan gari, su hana ƙona waya da fasa batir a cikin unguwa. Sa'an nan su keɓe wuri ɗaya a kowace mazaɓa, da rana ɗaya sananniya a wata, inda mota za ta zo ba fashi ta ɗauki abin da ba shi da mai so. Masu unguwanni, waɗanda suka riƙe wannan aiki tun zamanin En'e, su ne suka fi dacewa su sa ido. An ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. A yau hukuma ita ce babba, kuma abin da ya rage mata ta ɗauka bai kai yawan yadda ake zato ba, tun da talakawa sun riga sun ɗauke mata mafi yawansa.