Rawar Ɗakin Karatun Sakandare a Al'ummar Kan Iyaka: Nazari a Kan Gundumar Toumboutou

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rawar da ɗakin karatun makarantar sakandare zai iya takawa a Toumboutou, cikin ƙaramar hukumar Malanville ta Jamhuriyar Benin. An auna yanayin yankin da ƙa'idojin ɗakunan karatu na duniya. Nazarin ya nuna cewa harshe shi ne babban shingen da ke tsakanin ɗalibi da littafi, kuma shi ya kamata ya ja ragamar zaɓen littattafai.

1.0 Gabatarwa

Toumboutou ɗaya ce daga gundumomi 5 na Malanville a lardin Alibori. Sauran su ne Garou, Guéné, Madécali da garin Malanville, wanda gada ta haɗa shi da Gaya ta Nijar a kan Kogin Kwara. Jama'ar yankin manoma ne da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa. Ana jin Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci, Hausa kuma tana da ƙarfi a harkar ciniki. Sai dai da Faransanci ake koyarwa, da shi ake rubuta jarrabawar BEPC bayan shekara 4 a sakandare, da ta BAC bayan ƙarin shekara 3.

2.0 Ma'aunin Nazari

An dogara da ƙudurin da hukumar UNESCO da ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya IFLA suka fitar a 1999 kan ɗakin karatun makaranta. Ƙudurin ya nemi a yi wa kowa hidima ba tare da bambancin harshe ko jinsi ko addini ba, a kuma damƙa aikin ga ma'aikaci mai horo. Ma'auni na biyu shi ne cibiyoyin karatu na karkara da ake kira CLAC, waɗanda ƙasashe masu amfani da Faransanci suka fara kafawa a Benin a 1986.

3.0 Tattaunawa

3.1 Ɗalibi da Harshe

Yaron da ya tashi da Dandanci ko Hausa yakan haɗu da Faransanci a aji kawai. Da an tashi, sai harshen ya tsaya a bakin ƙofar makaranta. Ɗakin karatu ne ke tsawaita wannan hulɗa, domin a nan ɗalibi zai karanta ƙagaggen labari don kansa, ba don tsoron maki ba. Ayyukan marubutan ƙasar kamar Jean Pliya da Olympe Bhêly-Quenum sun dace da wannan buƙata.

Haka kuma, ajiye littattafan harsunan gida ba ya rage wa Faransanci komai. Wanda ya saba bin labari a harshen da yake ji, ba zai sha wuyar ɗaukar wannan ɗabi'a zuwa wani harshe ba. Ta fuskar Hausa akwai wadata, tun daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam har zuwa littattafan da ake bugawa a Kano da Zariya, ga shi kuma fatauci ya daɗe da haɗa Malanville da kasuwannin Nijar da Nijeriya.

3.2 Malamai da Iyaye

Benin ta soke kuɗin makarantar firamare a 2006, ɗalibai suka ƙaru, amma sayen littafi ya ci gaba da zama nauyin iyaye. Littafi ɗaya na aro yana iya ratsa hannu da yawa a shekara. Malami ma yana buƙatar ƙamus da taswira, musamman a yankin da ke nesa da babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Porto-Novo.

3.3 Ƙalubale

Ambaliyar Kwara da gara da ƙurar hunturu abokan gabar takarda ne, don haka ana buƙatar gini mai tudu da akwatunan ƙarfe. Lokacin buɗewa ma abin lura ne, domin 'yan mata da yawa aikin gida na jiransu da yamma.

4.0 Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarar a ware malami ɗaya a horar da shi, a sa ƙungiyar iyayen yara cikin kula da ɗakin, a saka sa'ar karatu a jadawalin mako, a kuma riƙa auna nasara da rajistar aro maimakon yawan littattafan da ke kan kanta.