Kowa da guntun labarinsa: yadda hukumomin tsaron Amurka suka koyi magana da juna bayan 11 ga Satumba

1/ Jama'a, yau tarihi za mu yi. Duk lokacin da aka kai hari a wani wuri za ku ji ana cewa “ai an samu rahoto tun kafin abin ya faru.” To ina rahoton ya maƙale? Amurka ta shafe shekaru sama da 20 tana fama da wannan tambayar, kuma ta biya da rayuka masu yawa. Zaren da tsawo, ku biyo ni. 🧵

2/ Mu fara da abin da mutane da yawa ba su sani ba. Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya ta ƙasa. Hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 gare ta: na jiha, na gunduma, na birni, har na jami'a. Kowanne da shugabansa, da kasafinsa, da rediyonsa. FBI ba ta ba ɗan sandan gari umarni.

3/ Gunduma a can kamar ƙaramar hukuma take a wurinmu, sai dai ta fi ƙarfi. A yawancin gundumomi jama'a ne ke zaɓen shugaban 'yan sandansu da ƙuri'a. Kun ga ke nan haɗa waɗannan mutane su yi aiki tare sai da lallashi, da kuɗi, da doka.

4/ Ga abin da wannan rarrabuwar ta haifar. A Afrilun 2001 ɗan sanda ya tsayar da Mohamed Atta a gundumar Broward ta jihar Florida, ba shi da lasisin tuƙi. Aka ce ya zo kotu, bai zo ba, aka fitar da takardar kama shi. A watan Yuli aka sake tsayar da shi saboda gudu a garin Delray Beach, cikin gundumar da ke maƙwabtaka.

5/ Ɗan sandan na biyu bai ga takardar kamun ba. Ya yi masa gargaɗi ya sallame shi. Bayan wata biyu, Atta ne ya tuƙa jirgin farko da ya daki dogon benen cibiyar kasuwanci ta duniya a New York.

6/ A sama ma haka abin yake. Tun Janairun 2000 CIA ta bi sawun Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi zuwa wani taron 'yan al-Ƙa'ida a Kuala Lumpur, Maleshiya. Ta san al-Mihdhar na da bizar Amurka. Amma ba a sa sunayensu cikin jerin waɗanda ake sa wa ido a kan iyaka ba sai ƙarshen Agustan 2001.

7/ A tsakanin nan mutanen biyu sun shiga Amurka sun zauna a San Diego da sunayensu na gaskiya. Sunan al-Hazmi har a littafin lambobin waya na garin yake. 'Yan sandan San Diego ba wanda ya ce musu su neme su. Su biyun suna cikin jirgin da ya faɗa kan Pentagon, hedikwatar sojin Amurka.

8/ Ranar 11 ga Satumba 2001 an kashe mutum 2,977. A cikinsu akwai 'yan kwana-kwanan New York 343. Wannan adadin ne ya fi tsaya min a rai, saboda yadda wasu daga cikinsu suka mutu.

9/ Bene na kudu ya rushe da ƙarfe 9:59 na safe. 'Yan sandan da ke shawagi a jirgi mai saukar ungulu suka ga na arewa ma ya kusa faɗuwa, suka sanar ta rediyonsu. 'Yan sanda suka ji. 'Yan kwana-kwana kuwa tasharsu daban ce, ga rediyonsu ba ya kamawa sosai a cikin dogon gini. Ƙarfe 10:28 ya rufta.

10/ Bayan haka, shugabannin 'yan sanda da na kwana-kwana kowa a wurinsa daban ya kafa cibiyar ba da umarni. Kwamitin binciken da ya fitar da rahotonsa a Yulin 2004 ya tabbatar da wannan gibin.

11/ Amma a ranar dai, a Pentagon, labarin ya sha bamban. Hukumar kashe gobara ta gundumar Arlington ce ta karɓi jagoranci, FBI da sojoji da 'yan sanda suka zauna tare da ita a teburi ɗaya. Kwamitin ya yaba da aikin. Sirrin shi ne shugabannin sun san juna, sun sha yin atisaye tare, kuma tsari ɗaya suke bi.

12/ Shi wannan tsarin, gobarar daji ce ta haife shi. A 1970 wuta ta yi kwana 13 tana ci a Kalifoniya, ta lashe gine-gine fiye da 700. Da aka yi bincike sai aka ga motoci da ma'aikata ba su yi kaɗan ba. Matsalar ita ce kowace tawaga da kalmominta, kuma ba wanda ya san wa ke ba da umarni.

13/ Sai hukumomin kashe gobara na jihar suka zauna suka tsara ƙa'idoji masu sauƙi. Kowane ma'aikaci mutum ɗaya ne ke ba shi umarni. Shugaba ba zai riƙe fiye da mutum bakwai ba, an fi son biyar. A yi magana a fili a rediyo, ban da lambobin sirri. In hukumomi sun yi yawa, shugabanninsu su zauna wuri guda su yanke shawara ɗaya.

14/ Bayan harin, gwamnatin George W. Bush ta yi abu biyu manya. Na farko, a Nuwamban 2002 ya sa hannu a dokar kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Aka haɗe hukumomi 22, ciki har da kwastan, shige da fice, masu gadin teku da hukumar agajin gaggawa FEMA. Ta fara aiki 1 ga Maris 2003, Tom Ridge ne ministan farko.

15/ Ku lura da wani abu: FBI da CIA, waɗanda su ne suka riƙe labarin maharan, ba a saka su cikin sabuwar ma'aikatar ba.

16/ Na biyu, a 2004 aka ɗauko tsarin 'yan kwana-kwanan Kalifoniya aka mai da shi na ƙasa baki ɗaya. Tunda gwamnatin tarayya ba za ta iya tilasta wa gari ba, sai ta bi ta aljihu: duk jiha ko birnin da ke son tallafin kuɗin shirin ko-ta-kwana dole ya koyar da ma'aikatansa wannan tsarin.

17/ Jarrabawar farko ta zo ranar 29 ga Agusta 2005. Guguwar Katrina ta daki gaɓar teku, katangun da ke tare ruwa a New Orleans suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Fiye da mutum 1,300 suka mutu.

18/ Abin takaicin, a Yulin 2004 an tara jami'an tarayya da na jiha da na gundumomi an yi atisayen irin wannan guguwar sak, har suna aka ba ta, Pam. An hango ambaliyar, an hango dubban mutanen da ba su da motar da za su gudu. Amma ba a ƙarasa shirin kwashe su ba kafin ta gaskiyar ta iso.

19/ Da ruwa ya zo, layukan waya da na rediyo suka mutu. Magajin gari Ray Nagin, gwamna Kathleen Blanco da jami'an tarayya kowa na jiran ɗan uwansa. Dubban mutane suka yi kwanaki a filin wasa na Superdome cikin ƙishi da zafi. Shugaban FEMA Michael Brown ya ajiye aiki cikin Satumba.

20/ Masu suka sun ce tun da aka cusa FEMA cikin sabuwar ma'aikatar hankali ya koma kan ta'addanci, aka yi sakaci da ambaliya da guguwa. A 2006 majalisa ta yi dokar da ta ƙarfafa hukumar, ta kuma ce dole shugabanta ya zama mai gogewa a aikin agaji.

21/ Abu ɗaya da ya yi aiki a Katrina shi ne yarjejeniyar taimakon juna tsakanin jihohi, wadda majalisa ta amince da ita a 1996. An riga an rubuta wa zai biya, da yadda lasisin likita ko ma'aikacin jinya zai yi aiki a wata jiha. Dubun dubatar ma'aikata suka shigo ta wannan hanyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

22/ Yanzu ɓangaren bayanan sirri. Jihohi da manyan birane sun buɗe cibiyoyin haɗa bayanai, yau sun kai kusan 80. Ɗaki ne guda da ake zaunar da ɗan sandan jiha, na birni, jami'in FBI, na Tsaron Cikin Gida, wani lokacin har da na kwana-kwana da na lafiya. Manufar: labari ya hau sama, ya kuma sauko ƙasa.

23/ Shin sun yi amfani? A Oktoban 2012 wani kwamitin majalisar dattawa ya duba rahotanni 610 da jami'an tarayya suka rubuta daga cibiyoyin cikin wata 13. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba a ma fitar da su ba, wasu don ba komai a ciki, wasu don sun taɓa 'yancin mutanen da ba su yi laifi ba.

24/ Kuɗin da aka kashe ma, ma'aikatar ta kasa faɗin adadi ɗaya. Ƙiyasinta ya kama daga dala miliyan 289 zuwa biliyan 1.4. Ma'aikatar da ƙungiyoyin shugabannin 'yan sanda sun musanta rahoton, suka ce cibiyoyin na taimakawa wajen manyan laifuka da bala'o'i.

25/ Sai matsalar da ta fi shafar irinmu. In ka ce wa jami'i ya kawo labari ko ta halin ƙaƙa, zai fara leƙen wanda ya fi sauƙin leƙe. A Maryland, 'yan sandan jiha sun saka masu fafutuka 53, yawanci masu adawa da yaƙi da hukuncin kisa, cikin kundin waɗanda ake zargi da ta'addanci.

26/ A New York kuwa, kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo a 2011 cewa wani sashen 'yan sandan birnin na bin masallatai, gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi yana rubuta wa ya zo, me aka ce. A 2012 wani babban jami'i ya shaida bisa rantsuwa cewa aikin bai taɓa haifar da binciken ta'addanci ko ɗaya ba. An rufe sashen a 2014.

27/ Misalin da ya zo har gida kun san shi. A Nuwamban 2009 Alhaji Umaru Mutallab ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai rahoton ɗansa, ya ce yana tsoron ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi a Yaman. Ba ƙaramin abu ba ne uba ya yi haka.

28/ Aka sa sunan a babban kundi mai sunaye sama da 500,000. Ba a sa shi cikin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, ba a soke bizarsa ba. Ranar 25 ga Disamba Umar Faruk ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a jikinsa. Bam ɗin bai tashi yadda aka so ba, fasinjoji suka danne shi.

29/ Shugaba Obama da kansa ya ce bayanan na hannu, haɗa su ne ba a yi ba. Kafin 2001 ɓoye labari ne ciwon. Zuwa 2009 labarin ya yi yawa har na gaske ya ɓace a cikin tarin.

30/ Boston ce ta nuna fuskokin biyu a rana ɗaya. A 2011 Rasha ta gargaɗi FBI kan Tamerlan Tsarnaev, aka bincika aka rufe fayil. Ranar 15 ga Afrilu 2013 shi da ƙaninsa suka tayar da bam biyu a wurin gasar gudun fanfalaki. Mutum 3 suka mutu, fiye da 260 suka ji rauni.

31/ Kwamishinan 'yan sandan Boston, Ed Davis, ya faɗa wa majalisa cewa ba a taɓa sanar da shi gargaɗin Rasha ba, alhali yana da jami'ansa a cikin rundunar haɗin gwiwa ta FBI a garin. Shekara 12 bayan 11 ga Satumba ke nan fa.

32/ Amma agajin? Duk wanda aka kai asibiti da rai a ranar ya rayu, har waɗanda suka rasa ƙafafu. An rarraba majinyata tsakanin asibitoci da dama don kada ɗaya ya cika. Birnin ya yi shekaru yana haɗa 'yan sanda, motocin asibiti da likitoci a atisayen irin wannan harin.

33/ Kada a ɗauka an gama koyo. Ranar 24 ga Mayu 2022, a wata makarantar firamare a Uvalde, jihar Texas, jami'ai 376 daga hukumomi daban-daban suka hallara, amma sai bayan minti 77 aka shiga ajin da maharin yake. Yara 19 da malamai 2 suka mutu. Bincike ya nuna ba wanda ya karɓi jagoranci yadda tsarin ya tanada.

34/ Ni dai abin da na gani a wannan tarihin: inda aka tsira da rayuka, kamar Pentagon da Boston, mutanen sun san juna kuma sun gwada aikin tare tun kafin ranar. Inda aka yi asara, ko dai labari ya kwana a teburin wani, ko kuma jami'ai sun cika wuri ba mai cewa a yi.

35/ Kuma labari mai amfani sau da yawa daga mutanen gari yake fitowa. A Mayun 2010 masu talla a dandalin Times Square ne suka ga hayaƙi na fita daga wata mota suka kira ɗan sanda, ashe bam ne. A Abuja uba ne ya kai kansa. Hukumar da ke leƙen masallacin mutum ba dalili, da wuya ya zo mata da irin wannan labarin.

36/ Don haka in an sake cewa “an samu rahoto,” ku tambaya: wa ya karɓa, wa ya tura wa, ya kai ga jami'in da ke bakin aiki? Kuma da abin ya faru, wa ke ba da umarni? Nan zan tsaya. Allah ya kare mu baki ɗaya. 🤲